Awon Dajin da Aka Ce Ba Kowa

Kwanan baya wasu samari da suka gama makarantar awon ƙasa suka zo gaishe ni a gidana na Tambuwal. Ɗayansu ya ciro waya daga aljihu, ya shafa ta da yatsa, sai ga rufin gidana, ga darbejiyar ƙofar gida, ga garken maƙwabcina, duk an hango su daga sama. Ya ce, "Baba, ai yanzu aikinku ya zama shan ruwa. Mutum yana kwance a ɗaki sai ya auna daga nan har Kebbe." Na sa masa albarka, na kuma yaba wa wayar, don ta cancanci yabo. Amma bayan tafiyarsu na ga ya kamata in rubuta musu, su da ire-irensu, abin da na sani game da wannan sana'a da na shiga da baƙin gashi na fito da fari.

Sunana Umaru, amma daga Tambuwal zuwa Fakku ba wanda zai gane ni sai an ce Umaru Safiyo, wato mai awon ƙasa. Wanda ya koya mini aiki shi ne Baba Labbo, Allah ya jiƙansa. Ɗan gidan malamai ne, ya sauke Alƙur'ani ya karanta littattafan fiƙihu, sannan ƙaddara ta kai shi jan sarƙar awo a bayan wani Bature a ƙarshen zamanin mulkinsu. Daga jan sarƙa ya koyi lissafi, daga lissafi ya koyi zana taswira, har ya zama shi ake kira.

Aikina na farko tare da shi wata gona ce a Jabo, ta wasu 'yan'uwa da ubansu ya rasu, malamai sun raba gado a baki, saura a raba a ƙasa. Na zaci za a ba ni madubin awo in leƙa. Madubin nan mai ƙafa uku yana kwance cikin akwatinsa, an lulluɓe shi da ƙyalle kamar amarya ranar kai ta ɗaki, kuma sai da na daɗe ƙwarai kafin a bar ni in taɓa shi. Abin da aka ɗora mini shi ne sarƙa. Ta ƙarfe ce, mai nauyi, idan rana ta buge ta sai ta ƙone tafin hannu. Tare da ita akwai kibiyoyin ƙarfe da ake kafawa duk inda sarƙa ta ƙare, da sanduna masu ja da fari da ake tsayarwa don a sami miƙaƙƙen layi, da kamfas a aljihun Baba. Na koyi cewa sarƙa tana ƙara tsawo da zafi, tana yin ciki idan ba a ja ta sosai ba, kuma ƙaya ɗaya da ta laƙe ta a tsakiya tana iya ci wa maraya kunya guda ta gona. Waɗannan duk ana koyonsu, kuma na'urorinku na yanzu sun ɗauke muku su. Ban yi baƙin ciki da hakan ba.

Abin da ba su ɗauke muku ba shi ne abin da Baba Labbo ya yi kafin mu warware sarƙar. Ya zauna da 'yan'uwan, ya kira maƙwabtan gonar na kowace kusurwa, ya sa kowa ya taka iyakar da ƙafarsa. Ya ce mini mai gona idan yana nuna iyaka da hannu, hannun yakan wuce inda ƙafarsa za ta yarda ta taka a gaban maƙwabci. Na ga gaskiyar wannan a kan masu kuɗi da talakawa, a kan 'yan kasuwa masu neman fegi, har a kan kwamitin masallaci.

A lokacin ni matashi ne mai yawan mafarki, ba na rabuwa da ƙananan littattafan soyayya da nake saye a kasuwa. Wata rana muna hutawa a gindin marke, yamma da Jabo, Baba ya ga na duƙufa a kan ɗaya. Ya ce, "Kai da ka iya karanta zuciyar budurwa ga takarda, tashi ka karanta min wanga fako. Mi ka gani?"

Na duba gabana na ce, "Daji ne, Baba. Ba komai."

Ya jira har rana ta karkata, sannan ya sa na durƙusa na kalli ƙasar ta gefe. Sai ga inuwar tsofaffin kunyoyi ta fito a jere, siriri, kamar zanen lalle da ya fara gogewa a hannu. Ya nuna mini tushen gamba da wuta ta cinye, a layi ɗaya miƙe, wanda ba ruwan sama ne ya shuka ta haka ba. Ya kai ni wani wuri mai baƙar ƙasa inda tafasa ta yi cunkus, ya ce nan aka taɓa ɗaure shanu damina bayan damina. Ya nuna mini sara a jikin wata ɗorawa, da amyar zuma a rataye a reshe.

Ya ce, "Saura ce. Hutawa take yi, ba mutuwa ta yi ba. Ƙasa fuska biyu gare ta, ta rani da ta damina. Wanda ya ga guda ya ce ya san ta, bai san ta ba."

Bayan wasu shekaru na sami damar zuwa ƙaro ilimi, kuma a can wani malami da ke koya mana dokar ƙasa ya ba mu tarihin da har yau nake juya shi a raina. Ya ce dokar da ƙasashen duniya ke hulɗa da ita a yau, wani babban sashe nata daga gardama a kan ƙasar wasu aka haife shi. Lokacin da mutanen Sifen suka ƙetare teku suka tarar da al'ummu da garuruwansu da gonakinsu, sai malamansu suka shiga muhawara: waɗannan mutane, ƙasarsu tasu ce ko kuwa ta wanda ya iso da jirgi? Wani babban malamin addininsu ya tsaya a kan cewa tasu ce. Suna da sarakunansu, suna da aure da gado da ciniki, kuma rashin bin addinin baƙo ba ya kwaɓe wa mutum mallakarsa. A ganinsa, cewa "mu muka gano su" ba hujja ba ce, kamar yadda da su ne suka iso gaɓar Sifen da kwalekwale ba za a miƙa musu ƙasar ba. Sai dai malamin nan ya bar ƙofa a buɗe. Ya ce baƙo yana da haƙƙin ya ratsa, ya yi ciniki, ya zauna lafiya, kuma idan aka hana shi yana iya ɗaukar makami. Ta wannan ƙofa rundunoni suka shiga.

Daga baya, in ji malaminmu, wasu masanan Turai suka kawo wata hujjar da ta fi ta farko laushi a baki. Suka ce gumi ne ke haifar da mallaka. Wanda ya sare daji, ya kafa shinge, ya yi huɗa, shi ke da ƙasa. Wanda kuwa yake ratsa ta da dabbobi, ko yake farauta, ko yake tsintar 'ya'yan itace, bai riƙe ta ba, don haka abin da ya wuce gonarsa fili ne na banza, kowa na iya ɗauka. Da wannan tunani aka zo nahiyarmu, da shi aka zauna a Turai aka ja layuka a kan taswirar da ba a taɓa taka ƙasarta ba.

Da na dawo hutu na kwashe duka na faɗa wa Baba Labbo, ina jin kamar na kawo masa tsaraba. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce a littattafanmu ma akwai babin raya matacciyar ƙasa, wanda ya raya ta ita ce tasa. Amma malamai sun ware hurumin gari, wato inda mai kiwo zai kai dabbobinsa ya dawo a yini, da inda mata ke zuwa itace, sun ce wannan ba matacce ba ne ko da ba a taɓa kafa masa fartanya ba.

Sannan ya ba ni nasa labarin. Ya ce Baturen da ya yi wa jan sarƙa ba maƙaryaci ba ne, abin da ya gani yake rubutawa. To amma duk ƙauyen da suka dosa, labari yakan riga su isa cewa ga masu awo nan tafe. Mutane kuwa sun san bayan awo sai haraji, bayan ƙirga sai jangali, wato harajin shanu. Kafin su isa an kore garke zuwa cikin duhuwa, an share turaku, maigari ya fito da tsohuwar riga yana rantsuwa ba su da ko ɗan maraƙi. Bature ya duba ya ga wayam, ya koma tanti ya rubuta a kan farin wurin da ke taswirarsa: daji, ba kowa. Baba ya ce, "Su suna murna sun tsere wa jangali, shi shina murna ya samu fili. Ni ina tsakiya da sarƙa a kafaɗa, na san duka biyu, ba wanda yat tambaye ni."

Na yi shekaru masu yawa ina aikin kaina bayan rasuwar Baba. Na auna filayen makarantu, na auna fadamun albasa, na raba gadon da ya hana 'yan'uwa gaisawa. Sarƙa ta tafi, tef ya zo, tef ya tafi, na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam ta zo, duk na koya. Sannan shekarar da nake kira muguwar shekara ta iso.

Aikin ya zo ne ta hannun wani kamfanin noma da ba zan kama sunansa ba. Sun nemi wani makeken fili bayan Fakku, suna so su shuka abin da za su shuka da manyan injuna. Kafin a ba su takarda sai an kai taswira da bayanin abin da ke kan ƙasar, domin a kan wannan bayani ake yanke ko akwai masu haƙƙi, da wanda za a biya diyya, da inda ba za a taɓa ba. Wakilinsu wani mutum ne mai fara'a da tsabta, ana ce masa Manaja Isiyaku. Ya ce yana so a gama kafin ruwa ya sauka. Na ce masa fili irin wannan ana so a gan shi da rani a kuma gan shi da damina. Ya yi dariya ya ce injunansu suna kan hanya, ba su san damina ba.

Na shiga filin a tsakiyar rani, bayan an ƙone daji. Ƙasa baƙa ƙirin, sai ɗorawa da ta fitar da jajayen tuntunta suna reto kamar 'yan kunnen da aka rataye wa itace. Kyakkyawan wuri ne, mai shimfiɗa, da kwari a gefen kudu. Ban yi nisa ba na fara ganin abin da na sani. Ga igiyar amya a reshe, yankan wuƙa sabo fil, amyar babu. Ga wurin ɗaure shanu an share shi da tsintsiya, an tuge turaku, amma ramukansu ba su cike ba. Ga rijiya an rufe bakinta da ƙaya, alhali itacen da ke bakinta ya sha gugar igiya har ya yi santsi, kuma ƙasar gefenta da sauran danshi. Wani ya yi aiki tuƙuru don ya nuna mini ba ya nan.

Ƙauyen da ke gabas da filin shi ne Tungar Barmo. Manoma ne masu shanu, kakanninsu suka kafa wurin. Maigarinsu Sambo, dattijo dogo mai sanyin murya. Muka je wurinsa tare da Manaja da mutanensa, aka shimfiɗa mana tabarma, dattawan gari suka zauna a bayansa. Ɗaya daga cikin mutanen Manaja ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton zaman har da murya.

Manaja ya ce, "Maigari, wancan daji na yamma da ku, wa ke amfani da shi?"

Maigari ya juya ya dubi yamma kamar yau ya fara ganinta. Ya ce, "Wancan? Ai ba mu shiga nai, ranka shi daɗe. Ƙaya da macizai."

"Ba kwa kiwo a ciki?"

"Kiwon mi? Ina munka ga shanu? 'Yan awaki na mata, su ma ciwo ya gama da su bara."

Dattawa suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Ƙwaryar furar da aka kawo mana kuwa, nonon cikinta ko cokali aka kafa zai tsaya.

Na ce, "Maigari, Allah ya ja zamaninka, ni ba haraji na zo ƙirga ba. Abin da ka faɗa yanzu da shi za a yi hukunci. Idan kuna da abu a can, yau ce ranar faɗa."

Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Ɗana, hakanan kowane mai awo ka cewa."

Na koma ni kaɗai a kan babur bayan kwanaki kaɗan. Na same shi yana gyaran igiya a zaure. Na yi masa bayani dalla-dalla, cewa jangali ya daɗe da mutuwa, cewa waɗannan mutane ba kason shanunsa suke so ba, ƙasar da shanun ke takawa suke so, kuma za su kewaye ta da wayar shinge. Na ce masa kiɗan ya sauya, dole rawar ta sauya. Ya ci gaba da murɗa igiyarsa.

Ya ce, "Kakana da ɓoyo yat tsira da garke nai. Ubana hakanan. Masu madubi sun zo sun wuce, mu muna nan. Takarda ba ta cin ciyawa, Malam Umaru. Su rubuta abin da sunka ga dama, damina ta zo mu koro shanunmu."

Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Dabarar da ta ceci mutum sau da yawa ba ya yar da ita don wani baƙo ya zo a kan babur ya ce ta tsufa.

Ina tura babur zan fita gari sai na ji an ce, "Kai, mai madubi." Wata tsohuwa ce a bakin danga, gajera, da sanda a hannu, warin daddawa na tashi daga tsakar gidanta. Goggo Kulu ke nan, ƙanwar mahaifin Maigari, wadda daddawarta ta yi suna a kasuwar Kebbe.

Ta ce, "Na ji abin da kac ce ma Sambo. Kar ka wahal da bakinka. Tun shina yaro, ko ƙosai ya samu bayan ɗaki shika ci. To su shanu ana kora su, amya ana sauke ta. Ɗorawa fa, wa zai ɗauke ta ya ɓoye? In an sa wayar nan da kake faɗi, itacena na ciki ko na waje?"

Na ce, "Na ciki, Goggo."

Ta ce, "Ɗauko madubinka."

Wunin da na yi da ita a dajin nan ban taɓa yin irinsa ba. Tana gaba da sandarta, ina biye da na'ura. A al'adarsu itacen ɗorawa da kaɗanya ba sa bin gona, suna da nasu gadon, kuma galibi ta wajen mata yake bi. Kowace bishiya da sararta a jiki, kowane gida da irin tasa. Ta dafa wannan ta ce ta uwarta ce. Ta dafa waccan ta ce ranar aurenta kakarta ta ba ta ita a maimakon tasa da kwano. Akwai wata da take kira Marowaciya, don sai ta ga dama take haihuwa. Ta nuna mini na sauran matan gari, gida gida, ba ta ci na kowa ba ko da reshe. Ta sa na janye ƙayar bakin rijiya, ta ce mijinta yana cikin waɗanda suka yashe ta shekarar da aka yi yunwa. Duk inda ta dafa na tsaya na ɗauki wurin, na sa shi a taswira da sunan mai shi.

Na tambaye ta makiyayar fa, wato wurin kiwo, daga ina zuwa ina. Ta ɗaga sanda ta zagaya da ita har inda ido ya ƙare, ta ce, "Wannan ta maza ce. Su faɗi da bakinsu."

Na kai wa Manaja taswirar da bayanina. Na rubuta cewa filin yana da masu amfani da shi: itatuwa masu iyayengiji, rijiya mai rai, saura da ake hutarwa, da makiyayar da alamunta ke ko'ina. Ya karanta a tsanake, ya ajiye.

Ya ce, "Malam Umaru, maigari da bakinsa ya ce ba kowa, a gaban dattawansa. Kai ka fi maigari sanin garinsa?"

Na ce, "Ban fi shi ba, Yallaɓai. Shi ma ya san abin da na sani."

"To goge wannan sashen, ka bar mana layukan iyaka kawai."

Na ce masa layukan da bayanin hannu ɗaya ne ya sa musu, ba zan iya raba su ba. Muka rabu ba tare da ɗaga murya ba. Suka ɗauko wasu daga birni, waɗanda suka yi aikin daga hoton sama, hoton da aka ɗauka da rani. Na ga taswirarsu daga baya. Layukanta sun fi nawa kyau, lissafinta ba kuskure. Tsakiyarta fari fat.

Daga nan magana ta zagaya cewa Umaru Safiyo ya tsufa, ya cika taurin kai, yana ɓata wa mutane ciniki. Manyan ayyuka suka ɗauke ƙafa. Shekarar nan na'urata ta fi kwana a akwati fiye da a fili, na koma auna ƙananan fegi a bayan gari, na kuma riƙe fartanya na noma gerona kamar kowa. Ku da za ku shiga wannan aiki, ku san akwai irin wannan shekara a cikinsa, kuma ba a koyar da ita a makaranta.

Mutanen Tungar Barmo ba su farga ba sai ranar da motoci suka fara sauke turakun siminti da naɗin waya a bakin dajin. Aka yi ƙorafi, aka kafa kwamitin da zai saurari kowa, aka kira ni da taswirata. Maigari Sambo ya zo da babbar rigarsa, wannan karon ya faɗi gaskiya duka. Ya ce suna da shanu, ya ce a dajin nan suke kiwo tun kafin a haifi uban kowa da ke zauren. Da ya gama, lauyan kamfani ya kunna wayar nan da aka ɗauki zamanmu na farko da ita. Muryar Maigari ta cika ɗakin tana cewa ƙaya da macizai.

Shugaban kwamitin dattijo ne mai adalci a iya ganina. Ya ce, "Maigari, wace maganar za mu ɗauka, ta ranar nan ko ta yau?"

Maigari ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ta ranan nan tsoro na, ranka shi daɗe. Ta yau ita ag gaskiya."

Kwamitin ya je ya duba da idonsa. Itatuwan suna tsaye inda na sa su, da sararsu, kuma Goggo Kulu ta sake dafa su ɗaya bayan ɗaya, matan gari na biye da ita kowa na kiran tata. Rijiya tana nan da ruwanta. Waɗannan ba a iya musun su. Makiyaya kuwa ba ta da shaidar da ke tsaye. Ciyawa wuta ta cinye, turaku su da kansu suka tuge, sawun kofato iska ta shafe. Ina zaune ina sauraron lauyoyi, sai na ji tsohuwar gardamar nan ta malaman Turai ta dawo da hular zamani: abin da aka dasa ko aka haƙa yana da mai shi, abin da aka yi kiwo a kai fili ne kawai. Na tashi na yi maganar hurumi, na yi maganar fuskar damina. Aka rubuta, aka gode mini.

Hukuncin ya fito. An cire zirin da itatuwan suke, da rijiya, da hanyar zuwa gare ta, an bar wa gari. Sauran duka an ba kamfani.

Ranar da ruwan farko ya jiƙa ƙasa ina Fakku a kan wani ɗan aiki, sai na biya ta can. Shanun Tungar Barmo sun dawo daga fadamar da suka ci rani. Ba wanda ya kora su yamma, su da kansu suka kama hanyar da suka sani, manyan a gaba, 'yan maruƙa a baya. Suka isa waya suka tsaya. Ƙamshin sabuwar ciyawa na zuwa musu daga ciki. Suka jeru a jikinta, suna bin ta a hankali suna neman ƙofa, makiyayan na tsaye da sanduna a kafaɗa. Kafin damina ta ƙare gidaje da dama sun sayar da rabin garkensu, wasu samarin sun kora nasu kudu ba su dawo ba.

Bayan an yi girbi, wata safiya na ji sallama a ƙofar gida. Maigari Sambo ne, ɗan acaɓa ya kawo shi tun daga can, ƙafafunsa sun yi jawur da ƙasar hanya. Muka gaisa, na kawo masa ruwa. Bai yi dogon zance ba.

Ya ce, "Malam Umaru, akwai sauran fili gabas da gari da kudu. Abin da nika so, ka zo ka auna. Duka."

Na ɗauko na'ura daga akwati, muka tafi. Da muka isa na tarar ya sa an fito da kome. Shanun da suka rage suna ɗaure a turakunsu a fili, amya ta koma kan itace, maza da mata sun tsaya kowa a bakin abinsa. Shi ya shige gaba, a wurin da Goggo Kulu ta taɓa shiga. Ya nuna mini gonaki da saura, ya nuna mini burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa, da ramin da mata ke ɗibar yumɓu, da kan tudun da suke sallar idi, da inda kakansa Barmo yake kwance. Rana ta yi tsaka, na ce mu huta, ya ce a'a.

Can a ƙarshen gari muka zo wani ɗan fako mai tsakuwa, ba ciyawa, ba itace, ko akuya ba za ta tsaya a kai ba. Na ɗauka wucewa za mu yi. Sai ya tsaya, ya kafa sandarsa a tsakiya.

Na ce, "Maigari, nan kuma me ake yi?"

Ya ce, "Ba a yin komi. Nan yara ka wasan langa da kaka. Rubuta."

Na kafa ƙafafun na'ura, na rubuta.